Ɗan Zango ya san Kaisar, bai san Salaga ba

Cikin matan da ke kasa tumatir da doya da busasshen kifi a Kasuwar Malam Atta da ke Gana, akwai waɗanda ribarsu kaf a kuɗin makarantar 'ya'ya take ƙarewa. Wasu ma sun ɗaure sun kai yaran makarantun kuɗi masu bin manhajar Ingila, inda ake koya wa ɗan firamare labarin Girkawa da yadda Rumawa suka afka wa Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya. Yaro ya dawo Nima ko Maamobi yana zuba labarin Kaisar, uwa ta yi ta murna. To, a tambaye shi wane ne Alhaji Umaru Krachi. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Wannan abin kunya ne, kuma laifin namu ne kafin na kowa.

Alhaji Umaru haifaffen Kano ne. Ya bi hanyar fataucin goro ya zauna Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tashe shi, ya koma Kete Krachi yana karantarwa, yana rubutu da Larabci da ajami har rasuwarsa a 1934. Kafin shi, tun tsakiyar ƙarni na 18 malaman Gwanja suka rubuta tarihin ƙasarsu, Kitabu Gwanja, kusan shekara 200 kafin a kafa jami'ar Legon a 1948. Irin waɗannan takardu suna nan a Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar, an tattara su tun zamanin Nkrumah. Mota ɗaya ce daga Nima, amma mu nawa muka taɓa leƙawa? Yara nawa suka san Malam Bako ne ya kafa Sabon Zango, ko sun ji sunan Malam Amadu Futa a kafuwar Nima?

Kada wani ya ce tatsuniya ce ba ta cika ciki. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, aka kwashe mutane daga zanguna, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Har gobe ɗan Zango ya je neman katin ɗan ƙasa sai an kalle shi sama da ƙasa an ce, ina ne ainihin garinku? Yaron da ya haddace sarakunan Rum bai san Salaga ba, me zai ce? Sai dai ya sunkuyar da kai.

Su kuma masu cewa tarihin Girka da Rum kafirci ne a daina, su ma su saurara. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Rum. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya ja da Suyuɗi kan halaccin ilmin manɗiƙi, ilmin da asalinsa na Aristo ne. Sullam na Akhdari da malamanmu ke karantarwa a zaure, daga can ya samo tushe. Septimius Severus da ya hau mulkin Rum a 193 ma ɗan Libiya ne. A koyar da Rum da Girka, ba mu hana ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a nuna wa yaro cewa wayewa daga can ta faro, kakanninsa kuwa ɗaukar kaya kawai suka iya.

Gwamnati ta maido da darasin tarihi a firamare a 2019, madalla. Amma babu wanda zai rubuta mana Zango in muka naɗe hannu. Sarakunan Zango da limamai da masu makarantun Islamiyya, kuna iya tara jama'a a kan bikin suna da kamfen. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 yana nan. Ku nemi malaman tarihi su rubuta ɗan ƙaramin littafi da Hausa da Turanci, ku sa shi a hannun kowane yaro daga Nima har Sabon Zango.