Firintar da Ke Ɓacewa Bayan Azahar

Babu na'urar da ke shan zagi a ofisoshin kago na unguwar Xiaobei kamar firinta. Da lalacewa take yi gaba ɗaya da an huta, a ɗauke ta a kai kasuwar kwamfuta ta Gangding a gyara ko a sayo wata. To ita tana aiki lafiya lau da safe, ta ƙi bayan Azahar, ta dawo da kanta ana shirin tashi. Kwamfutar akawu tana ganinta, ta mai ofis ba ta gani. Wayar wannan ta tura takarda ta fito, wayar wancan ta rantse babu wata firinta a ginin.

Wanda bai san harkar ba zai ce ai ƙaramin abu ne. Ofishin kago takarda ce ke riƙe da shi. Duk kwalin da zai shiga kwantena zuwa Apapa ko Kwatano sai an manna masa takarda mai sunan mai kaya da alamarsa. Ga jerin kaya, ga rasit, ga takardun da za su bi mota zuwa tashar Nansha ko Huangpu. Kowane jirgi yana da ranar da yake rufe karɓar kaya, kwantenar da ta makara sai ta jira na gaba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ci bashi ya yi odar kayan Sallah kuwa ba zai saurari labarin firinta ba.

Da yake abin da nake karantawa ya shafi sadarwar kwamfuta, 'yan uwa kan kira ni a ƙarshen mako, in hau jirgin ƙasa layi na 4 daga tsibirin jami'o'i, in sauya zuwa na 5 a Chebeinan, in sauka Xiaobei. A wani ofis na tarar har an sayi firinta ta biyu, ita ma ta ɗauki halin ta farko. Mai ofishin, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya riga ya yanke hukunci a kan yaron da ke masa aikin takardu. "'Yata, ni dai ban san kan abin nan ba," in ji shi, "amma duk ranar da ta ƙi, yaron nan ne zaune a gabanta." Na ce, "Baba, a yi masa haƙuri na kwana uku. A ba shi littafi da biro, duk lokacin da ta ɓace ya rubuta ƙarfe nawa ne, da na'urar wa ta ƙi, da ta wa ta yi."

Wannan littafin shi ne rabin gyara, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa. Kowa hanzarin kashewa da kunnawa yake yi, wanda kan dawo da aiki na ɗan lokaci, amma ya goge duk wata shaida.

Ga abin da ke faruwa a mafi yawan lokuta. Kowace na'ura da ke kan layin ofis tana da adireshi, lambobi irin 192.168.1.20. Wannan adireshi ba mallakarta ba ne, haya ce. Rauta, wato akwatin nan mai rarraba intanet, ita ke bayarwa ta tsarin da ake kira DHCP, na awa biyu, ko awa 12, ko kwana guda, gwargwadon yadda aka saita ta. Na'urar da ke son ci gaba da zama sai ta sabunta haya kafin wa'adi ya cika. Firinta kuwa idan aka tafi salla da cin abinci takan shiga barci don rage cin wuta, wasu kuma barcin nasu kan yi nauyi har wa'adi ya wuce ba su ce uffan ba. A daidai lokacin ne kwastomomi ke cika ofis, kowa ya nemi lambar sirrin wayifai. Sai rauta ta ɗauki ɗakin da ta ga babu kowa ta ba wayar baƙo. Firinta ta farka, a ba ta wani ɗakin. Ita kuwa kwamfutar akawu tana nan tana buga sallama a tsohuwar ƙofa.

A ofishin Baba abin ya fi haka. A nan Sin kamfanin sadarwa kan kawo nasa akwatin, wanda Sinawa ke kira guangmao, wato kyanwar haske, kuma shi ma yana raba adireshi. Mutane kan ƙara tasu rautar don wayifai ya fi ƙarfi. Yawancin akwatunan kamfani suna raba lambobi masu farawa da 192.168.1, rautar Xiaomi misali tana raba masu farawa da 192.168.31. Idan aka jona su yadda ya kamata babu damuwa. Amma a can wani ya haɗa bakin su biyun a kan layi ɗaya, sai ya zama masu gida biyu ne ke ba da hayar gida ɗaya. Duk lokacin da firinta ta farka ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi ke ba ta. Yau tana unguwar 1, gobe tana unguwar 31, kuma kwamfutocin da suka faɗa ɗaya unguwar ba su da hanyar zuwa wurinta. Littafin yaron ya nuna haka ƙarara: ba a taɓa samun ranar da ta ƙi wa kowa da kowa ba, kullum rabin ofis ne.

Gane wannan ba ya buƙatar injiniya. Ranar da ta ɓace, kar a kashe ta. A shiga maɓallan jikinta a sa ta buga shafin bayanin sadarwarta, a duba adireshin da ke ciki, a gwada shi da wanda kwamfuta ke nema. Idan sun saɓa, an kama ɓarawo. Maganin shi ne a kashe rabon adireshi a ɗaya daga cikin akwatunan biyu, a shiga wanda aka bari a keɓe wa firinta adireshi na dindindin bisa lambar katinta ta MAC, sannan a jona ta da kebul a raba ta da wayifai. Ni har salatif nake mannawa a jikinta in rubuta lambar, saboda wanda zai zo bayana.

Sai dai ofisoshinmu gauraye suke, kuma kowace na'ura da yadda take neman firinta. Mac da iPhone ba sa riƙe lamba, kiran suna suke yi ta tsarin Bonjour, kamar mai cigiya a bakin layi. Shi ya sa sauyin adireshi bai cika damunsu ba, amma kiran nasu ba ya ƙetare rauta, ba ya kuma fita daga wayifan baƙi. Akwatin Linux da wasu ke ajiye fayiloli a kai yana bi ta manhajar CUPS, shi idan da lamba aka saita masa firintar, sai a rubuta masa sabon adireshin da hannu. Windows kuma idan aka bar ta ta gano firinta da kanta takan ɗora ta a kan mashigar WSD, wadda ni ban yarda da ita ba ko kaɗan. Gara a cire, a sake sa ta a kan mashigar TCP/IP da adireshin da aka keɓe.

Akwai kuma wata matsala da kusan tamu ce mu mazauna Sin. Tun 2017 WhatsApp ba ya buɗewa a nan, kuma da shi ake magana da kwastoman Kano da Yamai, don haka kusan kowace kwamfuta tana da manhajar VPN. Wasu daga cikinsu da zarar an kunna sai su kwashe duk abin da kwamfuta ta aika, har takardar da za ta je firintar da ke kan tebur ɗaya da ita, su cusa a ramin da ya nufi ƙasar waje. Idan littafi ya nuna mutum ɗaya ne kullum abin ke samu, a tambaye shi abin da ya kunna kafin nan. Da yawansu suna da wurin da ake ba da izinin layin cikin gida.

Idan adireshi daidai ne, firinta tana amsa umarnin ping, amma Windows ta dage cewa ba ta kan layi, wato tuoji a kwamfutar da ke Sinanci, to a duba saitin mashigar. Akwai ɗan akwati mai ɗauke da haruffan SNMP. Windows tana tambayar lafiyar firinta ta wannan hanya, idan amsa ba ta zo ba sai ta ɗauka ta mutu. A cire alamar da ke cikin akwatin.

Mun gama na ofishin Baba cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, firinta ta biyu ta koma kwalinta, yaron kuma yana nan a bakin aikinsa.

Saura masu jona firinta a jikin kwamfuta ɗaya su mai da ita uwar garke, sauran su riƙa bi ta kanta. A 2021 an gano ɓarakar tsaro a sashen buga takardu na Windows, wadda aka laƙaba wa suna PrintNightmare, kuma bayan gyaran da Microsoft ta fitar a watan Satumba na shekarar, kwamfutocin da ba a sabunta su tare ba suka fara nuna kuskure mai lamba 0x0000011b. A ofisoshinmu, inda za ka ga tsohuwar Windows 7 tana zaune kusa da Windows 11, har yanzu ina cin karo da shi. Masu gyara da yawa kan kashe kariyar ne kawai aiki ya tashi. Ni ba na yin haka a kwamfutar da ke ɗauke da hotunan fasfo da lissafin kuɗin mutane. Idan firintar tana da bakin kebul na sadarwa, a jona ta a rauta, kowace kwamfuta ta riƙa zuwa wurinta kai tsaye. Idan ba ta da shi, akwai ƙaramin akwatin da ke mai da firintar USB ta hau layi, ana samunsa a Gangding ko a Taobao.