Kafin ka mayar wa mai shago da kyamararsa

Duk wanda ya taɓa sayen kyamarar tsaro irin wadda ake kallo ta waya, ko ƙwan lantarkin da ake kunnawa da manhaja, ko 'yar na'urar nan da ake maƙala wa inbatar sola don ta riƙa nuna cajin batir, ya san wannan takaici. Ka bi umarnin takardar cikin kwali tiryan-tiryan, ka sa kalmar sirri daidai, fitilar na'urar na ta ƙiftawa, manhaja ta yi ta juyi, can ta ce haɗin bai yiwu ba. Alhali wayarka tana kan wannan Wi-Fi ɗin tana buɗe YouTube lafiya lau. Daga nan sai a ce mai shago ya sayar da jabu, ko a ce ai dama kayan Sin ne. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Rautar da ke kan teburin falo ce ke hana ruwa gudu.

Yawancin rautocin yanzu a kan zango biyu suke watsa Wi-Fi: na 2.4 gigahaz da na 5 gigahaz. Dukansu sun samu ƙa'ida tun 1999, amma na 2.4 ne ya fara cika gidaje. Na 5 ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai katangar bulo da siminti irin ta gidajenmu tana saurin karya masa lago. Na 2.4 kuwa kamar a-daidaita-sahu yake: ba gudu, ga cunkoso, amma yana kutsawa lungun da motar alfarma ba ta isa ta shiga ba. Cunkoson ma da dalilinsa, domin Bluetooth a nan yake, na'urar ɗumama abinci a nan take zuba hayaniyarta, ga rautocin maƙwabta, kuma tashoshi uku ne kacal, ta 1 da ta 6 da ta 11, ba sa hawa kan juna.

To me ya sa masu ƙera waɗannan kayayyaki suka nace wa zangon da ya fi cunkoso? Na farko araha. A 2014 kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fito da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna ESP8266, wadda arharta ta sa aka cusa ta cikin soket da ƙwai da makunnin fitila ba adadi, kuma 2.4 kaɗai take ji. Na biyu, kuma a nan ina bayansu, kayan ba sa buƙatar gudu. Saƙon da ƙwan lantarki yake jira bai wuce "kunna" ko "kashe" ba. Abin da yake buƙata shi ne sabis ya iso inda yake. Kyamara tana ƙofar gida, inbata tana can sito ko bayan kicin, tsakaninsu da falo katanga uku ko huɗu. Da an ɗora su a kan 5, da kullum suna yankewa.

Inda aka yi kuskure shi ne wajen masu ƙera rauta. Don su sauƙaƙa wa mutane, sai suka haɗe zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, rautar ce ke zaɓa wa kowace na'ura inda za ta hau. Wasu kamfanonin suna kiran wannan Smart Connect. Kai da kake tsaye kusa da rauta kana ƙoƙarin haɗa sabuwar kyamara, an riga an tura wayarka kan 5 ba ka sani ba. A hanyar haɗawa ta gaggawa da manhajoji irin su Tuya da Smart Life ke amfani da ita, wayar ce ke watsa sunan Wi-Fi da kalmar sirri don na'urar ta tsinta. Waya na magana a kan 5, kunnen na'ura na kan 2.4. Ko kwana za su yi ba za su ji juna ba.

Maganin ba wuya. Ka shiga shafin rautar, wanda adireshinsa galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, yana nan rubuce a ƙarƙashinta, ka kashe haɗin zangunan, ka ba kowanne sunansa. Masu Starlink, wadda ta shigo Najeriya a farkon 2023, za su samu wurin rabawar a cikin manhajarta. Ka ɗora wayarka kan na 2.4, ka haɗa kayanka, sannan ka mayar da wayar kan 5 in ka ga dama. In har yanzu ta ƙi, duba tsarin tsaro: kayayyaki da yawa ba su san WPA3 ba, sai an mayar da shi WPA2. Akwai masu ba da shawarar ka fita can bakin get har wayarka ta faɗo kan 2.4 da kanta. Yakan yi aiki, amma ni ban ga dalilin da magidanci zai tsaya a rana yana lallashin na'urar da ya saya da kuɗinsa ba. Af, in ka ga "5G" a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗinka, zangon 5 gigahaz ake nufi, ba sabis ɗin 5G na kamfanonin waya ba.

Sai dai duk wannan yana buƙatar abu ɗaya da gidaje da yawa ba su da shi: kalmar sirrin shiga rautar kanta. Ka tambayi maigida, sai ya ce tana wajen yaron da ya haɗa musu. Wannan ya fi damuna fiye da ƙwan da ya ƙi kunnuwa. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rautoci da masu su ba su taɓa canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba, aka yi amfani da su aka kai hari kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafukan intanet suka dogara da shi, har Twitter da Netflix suka daina buɗewa a sassan Amurka. A wurinmu abin ya fi kusa da haka. Kyamarar da aka kafa tana kallon tsakar gida, inda iyali ke zaune ba mayafi, sau da yawa da asusun mai haɗawa aka yi mata rajista, kuma ya tafi da shi a aljihunsa. Mutumin da ba za ka bari ya wuce zaure ba, ka ba shi ido a cikin gidanka dare da rana.

Tunda za ka raba zangunan, ka ƙarasa aikin. Yawancin rautoci suna da sashen baƙi, wanda ke ba na'ura intanet ba tare da ta ga wayoyi da kwamfutocin gidan ba; kayan da ake sarrafa su ta intanet ka zuba su can, a kan 2.4. Mai haɗawa kuma ya yi rajistar da lambar wayarka ko imel ɗinka, a kan wayarka, kana tsaye. Kuɗin aikinsa ya jira sai ka canza kalmar sirrin rauta da ta kyamara da hannunka, ka gwada ka ga sun buɗe.