Keken da Muka Jingine a Zaure Magani Ne

A Bena da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, ba a daɗe ba da keke shi ne dokin talaka. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai buhun dawa kasuwa. Da babur ya shigo, sai aka jingine keke a zaure, ya koma abin wasan yara, har dattijo yana jin kunyar a gan shi a kansa. Ra'ayina shi ne mun yi asara a wannan musaya, kuma masu hawan jini da ciwon sukari su ne suka fi kowa asara.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke sayen keke mai tsada don kawai su hau shi a hanyar daji mai tudu da gangare, su zagaya su dawo inda suka tashi. Wannan wasa ya samo asali ne a tsaunukan Kalifoniya a shekarun 1970, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1996 a birnin Atlanta. Abin da suke kashe kuɗi su nema, mu Allah ya ba mu shi kyauta a ƙasar Zuru: hanyoyin gona, tuddai da inuwar ɗorawa da kaɗanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci kowane baligi ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin. Gane matsakaici ba ya buƙatar na'ura: idan kana iya magana da abokin tafiyarka amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba, to kana kan daidai. Irin wannan motsi yana sa tsoka ta ja sukari daga jini, yana taimakawa wajen sauke hawan jini, yana kuma gyara barci. Keke ya fi gudu sauƙi ga mai ciwon gwiwa ko mai ƙiba, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki.

Za a ce manomi ai kullum cikin motsi yake. Gaskiya ne a damina. Amma da an gama girbi, mutane da yawa sukan shafe watanni tsakanin majalisa da kan babur. Ɗan kasuwa, malamin makaranta da ma'aikacin ofis kuwa zamansu na duk shekara ne. Amfanin motsa jiki ga sukarin jini yana gushewa cikin 'yan kwanaki idan aka daina, saboda haka noman damina ba ya biyan bashin rani.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, wato tsaro. Duk wanda ya san yankin nan na iyakar Zamfara ya san abin da 'yan bindiga suka jawo wa jama'a. Ba na kiran kowa ya kutsa daji don neman lafiya. A nan ne hikimar hanya mai zagayowa take: a zaɓi gajeruwar hanya a gefen gari, wadda mutane ke bi, a zagaya ta sau biyu ko uku. Ta haka mutum ba ya nisa da gida. A fita bayan gari ya waye sosai, a tafi mutum biyu ko uku, a sanar da iyali. Ranar da aka ji labari marar daɗi, a tsaya cikin gari.

Ga marar lafiya akwai sharuɗɗa. A fara zuwa asibiti a auna jini, a gaya wa ma'aikacin lafiya niyyar da ake da ita. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 yana zaune, ya dakata sai an daidaita shi. Mai allurar insulin ko ƙwayar da ke iya sauke sukari fiye da kima kada ya fita da yunwa. Ya riƙe dabino ko sukari a aljihu, domin rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri alamu ne na faɗuwar sukari. Ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa bayan ya dawo, saboda ƙaya kan yi rauni bai ji ba. Ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi kuwa, a sauka nan take a nemi asibiti. Keke ba ya maye gurbin magani. Kada kowa ya ajiye ƙwayarsa don ya fara hawa.

Shi ma keken yana da haƙƙi. A kai shi wurin mai gyara a duba birki da sarƙa da taya. A ɗaga sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda ta kai ƙasa. A sa hular kwano, a riƙe ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. A fara da minti goma a shimfiɗaɗɗen wuri. Idan tudu ya gagara, a sauka a tura, babu abin kunya. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran aikin yana wuyan iyali. Ɗan da ya saya wa mahaifinsa babur ya kyauta, amma wanda ya gyara masa tsohon kekensa kuma ya raka shi zagaye da safe ya fi kyautawa. Mu daina yi wa dattijo dariya idan ya hau keke, mu ce masa sannu da ƙoƙari. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.