Mazaɓar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa: Lokacin Sake Shata Iyaka Ya Yi

A ranar 3 ga Fabrairu, 2024, hukumar zaɓe ta INEC ta sake gudanar da zaɓe a wasu rumfuna na mazaɓar tarayya ta Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, bisa umarnin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Da aka haɗa lissafi, Shehu Ɗalhatu Tafoki na jam'iyyar APC ya kayar da Jamilu Muhammad na PDP da ratar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba, alhali kowannensu bai cika ƙuri'a 50,000 ba. An shafe kusan shekara guda ana shari'a kafin kujerar ta tabbata ga mai ita. Hankalin masu sharhi ya tafi ga wanda ya ci da wanda ya faɗi, amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: shin ita kanta mazaɓar tana nan daidai da adadin mutanen da aka ɗora mata?

Iyakokin mazaɓun tarayya 360 da ake zaɓe a kansu tun 1999 gadon shatar da aka yi ne a 1996, zamanin mulkin soja. Sashe na 72 na Kundin Tsarin Mulki ya shardanta cewa yawan mutanen kowace mazaɓa ya kusanci matsakaicin rabo gwargwadon iko. Sashe na 73 kuma ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba rabon lokaci zuwa lokaci, muddin tazarar ba ta gaza shekara goma ba. Shekarun sun shuɗe har sun ninka, ba a taɓa iyaka ko ɗaya ba.

Alƙaluman ƙidayar 2006 sun isa hujja. Jihar Katsina na da mutum kusan miliyan 5.8 da kujeru 15, wato kimanin mutum 387,000 ga kowace kujera. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa sun tashi da kusan 578,000 a haɗe, yayin da mazaɓar birnin Katsina ke da kimanin 318,000. Ma'ana, muryar manomin Sabuwa a Majalisar Wakilai ta ɗan ɗara rabin ta mazaunin birni ne kawai. A shiyyar Funtuwa ma, cikin mazaɓu biyar, huɗu ƙananan hukumomi bibbiyu suka ƙunsa. Wannan ce kaɗai ke ɗauke da uku.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne halin da yankin ke ciki. Ƙasa ce doguwa da ta jingina da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. A Ƙanƙara aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya a ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun yi gudun hijira, wasu sun bar katin zaɓe a gidajen da ba su iya komawa. Inda 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ke raba gardama, ƙauye guda da tsoro ya hana fitowa ya isa ya sauya wakili. Al'ummar da ta fi kowa buƙatar mai magana da yawunta ita ce aka bari da ƙaramin kaso.

Masu adawa da sake shata iyaka suna da hujjoji da ba za a raina ba. Sashe na 49 ya ƙayyade kujeru 360, don haka duk abin da aka ƙara wa wani, daga hannun wani aka karɓo. Sashe na 74 kuma ya ce sauyi ba ya aiki sai majalisun tarayya biyu sun amince, kuma da wuya ɗan majalisa ya sa hannu a rage masa gona. Ga shi ba a sake ƙidaya ba tun 2006, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Sai dai waɗannan dalilai ne na yin aikin da natsuwa, ba na barinsa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hukumar da ta iya ƙara rumfunan zaɓe zuwa 176,846 a 2021, bayan shekaru ana cewa ba zai yiwu ba, tana iya fara daidaita mazaɓu a cikin kowace jiha ba tare da taɓa kason wata ba.

Kanada abin lura ce a nan. Bayan ƙidayar kowace shekara goma, kwamitoci masu zaman kansu, ƙarƙashin jagorancin alƙalai, suna sake zana mazaɓu tare da sauraron ra'ayin jama'a. Aikin baya-bayan nan ya kai kujerunsu daga 338 zuwa 343, aka kuma yi zaɓen 2025 a kansu. Darasin shi ne a mai da shata iyaka al'ada mai lokaci sananne, ta yadda ba za a ɗauke ta makamin wata jam'iyya ba.

Manazarta Hausa na da rabonsu a wannan aiki. Kalmar "mazaɓa" a bakin jama'a tana nufin gundumar kansila, tana nufin ta ɗan majalisar jiha, tana kuma nufin ta tarayya. Muhawarar da kalmominta ba su rarrabe ba, talaka ba ya iya shiga cikinta. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'i su daidaita waɗannan keɓaɓɓun kalmomi, su matsa a yi zaman sauraron ra'ayi da Hausa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, su kuma taskace tarihin baka na garuruwan da suka watse, domin a lissafa ɗan gudun hijira da garinsu na asali. In ba haka ba, ranar da aka zo shata sabuwar iyaka, za a zana taswirar ne bisa inda bindiga ta kora mutane.