Ra'ayinmu: Kujera Ba Ta Maye Gurbin Shimfiɗa

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, amma tun daren Laraba garin ke cika. Fatake daga Damagaram da Magarya da Dungas sun shigo da shanu da raƙuma da tumaki, dillalai sun iso daga Kano da Haɗeja, masu saye daga kudu sun sauka, tireloli sun yi layi suna jiran lodi. Mai fatoma ya tafi gidan fatomansa, mai tabarma ya nemi gefen rumfa ko barandar masallaci. Saura kuwa, kuma suna da yawa, a zaune suke kwana. Direba ya tura kujerar motarsa baya ya ɗora ƙafa kan sitiyari. Yaron mota ya jingina a bencin mai shayi. Mai gadin sito ya miƙe a kujerar nan ta ƙarfe mai saƙar igiyar roba, wadda ko'ina a garuruwan iyaka ake ganinta.

A birane kuma wata kujerar ce ta shigo kantunan kayan ɗaki, mai laushi, wadda ake danna ta ta kishingiɗa ta ɗaga ƙafa. Masu tallarta suna cewa ta fi gado, tana maganin ciwon baya da minshari. Sai ga mai hali yana biyan kuɗi masu yawa don ya yi irin barcin da talaka ke yi bisa tilas. Wannan ya sa muka ga ya kamata a zauna a auna lamarin.

Masu kwana a kujera suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. A bazara, lokacin da zafin Gumel da Gagarawa ke haura digiri 40, ɗaki ba ya shiguwa, katifa kuma sai ƙara gumi. Kujerar igiya tana barin iska ta ratsa ta ƙasa, tana kuma ɗaga mutum sama da kunama da maciji da raɓa. Direban da ya kwana cikin motarsa yana gadin batir da man gas da kayan mutane, ga kuɗin masauki ya huta da biya. Wanda ba shi da inda zai miƙe, kishingiɗar sa'a biyu ta fi masa kwana ido biyu. Da babu gara ba daɗi.

Likitoci ma sun yarda cewa ɗaga ƙirji yana taimakon wasu. Mai ƙwannafi yana samun sauƙi idan kansa da ƙirjinsa suka fi cikinsa tudu, domin ruwan ciki mai tsami ba ya samun haurowa maƙogwaro. Mai minsharin da numfashi ke ɗaukewa yana ɗan samun sarari, saboda harshe da naman maƙogwaro ba sa faɗawa baya kamar yadda suke yi a rigingine. Wanda aka yi wa aiki a kafaɗa sau da yawa likita da kansa ke ce masa ya yi makonni yana kwana a kishingiɗe. Mai asma idan ta tashi ba ya iya kwanciya ko an ce ya kwanta. Akwai kuma wani bincike da aka buga a Ingila a 1987, wanda masana lafiyar matuƙa jirgin sama suka yi a kan barci a kujeru iri-iri. Sun ga cewa barci a kujerar da ke miƙe tsaye gajere ne mai yawan farkawa, amma idan bayan kujerar ya kwanta kusan digiri 40, wato kusan rabin hanya tsakanin zama da kwanciya, barcin yana kusantar na gado. Ke nan kujera ma suna ta tara.

Iyakar hujjarsu ke nan. Abin da ke ɗaya ɓangaren ya fi nauyi.

A ƙarshen 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Landan, dubban mutane sun riƙa kwana a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa, da yawansu tsofaffi, a kan kujerun kishingiɗa na katako da zane. Wani likita mai binciken gawa, Keith Simpson, ya lura cewa mutuwar farat ɗaya sakamakon toshewar jijiyar huhu ta ninka kusan sau shida, kuma mafi yawan mamatan masu kwana a irin waɗannan kujeru ne. Da aka kawo gadaje masu hawa-hawa a maɓoyar, mace-macen suka ragu. Haka aka sake gani a Japan bayan girgizar ƙasar Nigata a 2004 da ta Kumamoto a 2016, inda mutanen da suka ji tsoron komawa gida suka yi kwanaki suna kwana cikin motocinsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jinin da ya sauka ƙafa sai da motsin naman sha-raɓa yake komawa zuciya. Mutum in ya zauna sa'o'i gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera yana danne bayan cinya, jinin sai ya tsaya. In ya tsaya yana iya daskarewa ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum yana iya faɗuwa nan take, a ce lafiya lau aka rabu da shi jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na sa'a 4 ko fiye yana ninka wannan haɗari kusan sau biyu, ko a jirgi ne ko a mota. Ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, kusan 1 cikin 6,000. Amma ga mai ciki da mai jego da mai ƙiba da tsoho da wanda bai daɗe da fitowa daga tiyata ba, lissafin daban ne. Sai a tuna cewa direban da ya ɗauko shanu daga Maigatari zuwa Legas ko Fatakwal ya wuni a zaune, sannan ya kwana a zaune a kujerar da ya wuni a kai.

Akwai kuma barcin kansa. Mutum a kwance yana juyawa sau da yawa cikin dare ba tare da ya sani ba. Kujera ba ta ba da wannan dama, shi ya sa ake tashi da sanƙarar wuya da tsamin kafaɗa da kumburin ƙafa. A matakin barcin da ake mafarki jiki yana saki gaba ɗaya, wanda ke zaune kuwa da zarar ya saki sai kai ya faɗi ya farka. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe barci kafin a ƙera na'urar auna ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya yi karatun Ishmawi a zaure ya san an raba barci zuwa mai nauyi da mai sauƙi, mai tsawo da gajere, kuma mai nauyin ne ke warware alwala. Gyangyaɗin zaune galibi daga mai sauƙin yake. To mai nauyin nan shi jiki ke nema don ya huta.

Gidan sauro ma ba ya ɗauruwa da kyau a kujera, kuma kowa ya san abin da damina ke zuwa da shi a Jigawa. Wanda ya rufe gilashi ya bar inji a kunne don sanyi ko ɗumi yana iya shaƙar iskar salansa marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barci. Uwar da ta gyangyaɗa a kan kushin da jariri a ƙirji tana jefa shi cikin haɗarin da ya fi na shimfiɗa nesa ba kusa ba, domin yana iya zamewa ya maƙale a lungun kujera numfashinsa ya toshe.

Amma rukunin da ya fi damunmu shi ne na waɗanda ba su zaɓi kujera ba, ba kuma rashin masauki ya kai su ba. Jikinsu ne ya ƙi kwanciya. Idan zuciya ta yi rauni, ruwa yana taruwa a ƙafa da rana. Da mutum ya kwanta sai ruwan ya koma ƙirji, zuciya ta kasa tura shi, huhu ya cika, ya tashi firgigit yana haki. Ya ƙara filo, ya ƙara na uku, daga baya ya koma jingina da bango ko kujera har asuba. Abin da ya sa likitan zuciya yake tambayar majinyaci da filo nawa yake kwana ke nan.

Wannan ciwo yana da tarihi a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa abin yana samun kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. A lokacin an ɗora zargi kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta a faɗin Najeriya, wanda aka buga a 2020, ya rage wa al'adun jego laifi, ya nuna yatsa ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki. Ko ma mene ne sanadin, alamar ba ta canza ba: mai jego da ke haki, ƙafa a kumbure, tari da dare, ta kasa kwanciya. A gidaje da yawa sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata ruwan zafi, a jera mata matasai ta jingina. Mijin da ya sayo mata kujera mai laushi yana ganin ya kyauta, alhali jinkiri ya saya mata. Daga Sule Tankarkar ko Gagarawa zuwa babban asibitin Gumel ba tafiyar kwana ba ce, kuma wannan ciwo yana da magani in an zo da wuri.

Mu koma kan direbobi, domin nasu ya wuce lafiyar mutum ɗaya. Masu bincike a Ostireliya sun nuna tun 1997 cewa wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, hankalinsa a kan aiki yana raguwa kamar na wanda ya sha giya har ta kai matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Tirela cike da shanu, da mutane a samanta, a hannun wanda ya yi gyangyaɗin sa'a uku, barazana ce ga duk wanda ke kan hanyar Gumel zuwa Gujungu zuwa Kano. A Tarayyar Turai doka ta kayyade wa direban babbar mota tuƙin sa'a 9 a yini, da hutun minti 45 bayan kowace sa'a 4 da rabi. A 2017 kotun Tarayyar ta yanke cewa cikakken hutun mako na sa'a 45 ba ya halatta a yi shi cikin mota, ko da motar tana da gado. Ba mu ce a kwafo dokar Turai a liƙa a Maigatari ba. Abin lura shi ne can sun ɗauki wurin kwanan direba a matsayin nauyin mai mota da hukuma. Nan an bar direba da dabararsa.

Kuma zama a kan iyaka ba ya da tabbas. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na ciki. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duk ranar da shinge ya sauka, wanda ya zo da niyyar kwana ɗaya sai ya yi mako. Yankin ciniki marar haraji na Maigatari an kafa shi tun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, don fitar da kaya irin su riɗi da zoɓo da dabbobi. Duk lokacin da aka tashi zancen farfaɗo da shi, sito da wuta da hanya ake lissafawa. Ya kamata wurin kwanan waɗanda ke ɗaukar kayan ya shiga lissafin.

Ra'ayinmu shi ne kujera ta kishingiɗa tana da amfani ga ƙailula, ga daren da ba makawa, da kuma wanda likita ya umarta na ɗan lokaci. Ba ta cancanci zama makwancin kullum ba, komai tsadarta. Tabarma a ƙasa mai tsabta cikin gidan sauro ta fi ta. Mai ƙwannafi ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20, ya bar sa'a 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Wanda tilas ta sa ya kwana a mota ya kwantar da kujerar iyakar yadda za ta kwanta, ya miƙe ƙafa, ya kashe inji, ya sha ruwa, ya sauko ya taka duk lokacin da ya farka. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe ba dalili, asibiti za a nufa a ranar, kada a tsaya murza ta da man zafi.

Muna kira ga gwamnatin Jigawa da ƙaramar hukumar Maigatari da hukumar NEPZA mai kula da yankunan ciniki marasa haraji da ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, wato NURTW da NARTO, da shugabannin kasuwar dabbobi su haɗa hannu su gina rumfunan kwana masu arha kusa da wurin lodi, da gidan sauro da ruwa da banɗaki da mai gadin motoci, a ware wani abu daga kuɗin shigar da ake karɓa kowace Alhamis don kula da su. Masu motoci su daina sanya wa direba lokacin isa wanda ba ya cimmuwa sai an hana ido barci. Masu gida kuma, duk wanda ke da mai jego ko dattijo da ya koma kwana a zaune saboda numfashi, ya kai shi asibiti cikin wannan mako.