In Za A Gina Shafin Affala, A Gina Shi Da Buɗaɗɗun Kayan Aiki

Ba a rasa ɗan Adar a Abijan, ko Kwatano, ko Legas. Idan buƙatar takardar haihuwa ta taso masa a can, sai ya aiko saƙo gida, wani ɗan'uwa ya bar gona ya nufi ma'aikatar magajin gari, ya tambayi abin da ake bukata, ya koma, ya sake dawowa. Shafi guda na intanet, mai bayyana takardun da ake nema da kuɗin da doka ta yanka, zai rage wannan wahala ga mutanen Affala. Amma kafin a sa hannu a kwangila, ya kamata mahukunta su san irin kayan da za a yi ginin da su.

Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda mai ita ya kulle asalin rubutunta, ba mai gyara ta sai shi, kuma sau da yawa ana biyan lasisi shekara-shekara. Akwai kuma buɗaɗɗiya, watau wadda aka yarda kowa ya karanta rubutunta, ya gyara, ya ba wani. Da irin wannan ta biyu aka ɗora harsashin shafukan duniya: a ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar bincike ta CERN, da ke kusa da Janeba, ta sakar wa jama'a fasahar da Tim Berners-Lee ya ƙago, ba ta nemi ko dala ba. Linux ya fito a 1991, WordPress a 2003, kuma yau wajen kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da WordPress aka gina su. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a nan, domin ma'aikatar kiwon lafiya tana tattara lissafin gidajen likita da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke kula da ita.

Dalili na fari shi ne dukiyar talakawa. Harajin kasuwa da na gida ba su kai a riƙa kwasarsu ana biyan lasisi waje ba. Mafi muni kuwa, in ɗan kwangila ya yi aiki a kulle ya tafi da mabuɗi, shafin ya zama rumbun da mai hatsi ba ya iya shiga. Saboda haka wajibi ne a rubuta cikin yarjejeniya cewa asalin rubutu, da kalmomin sirri, da sunan shafin, duka mallakar komin ne. Ta haka wani matashi da ya koyi aikin a Tawa ko Yamai zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Sai batun harshe, wanda ya fi shafar waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci. Dattijon da ya sha wahalar bambanta ƙ da k, da ɗ da d, bai cancanci a miƙa masa shafin da ya mai da ƙasa ta koma kasa ba, ko wanda Faransanci kaɗai yake ji. Baƙaƙe masu lanƙwasa suna cikin tsarin Unicode, kuma ƙungiyar SIL ta saki salon rubutu kamar Andika da Charis kyauta, masu ɗauke da su duka. Wanda ya bar su, ganin dama ne ya hana shi.

Sai dai kyauta ba ta hana ɗawainiya. A Disamba 2021 an gano ɓaraka cikin Log4j, wani ɗan guntun kayan aiki da ƴan sa-kai ƙalilan ke riƙe da shi, manyan kamfanoni da gwamnatoci suka kwana suna toshiya. Duk guntun da aka ara aka sa cikin gini yana son a riƙa sabunta shi. Don haka kuɗin da aka tsimi daga lasisi ba na biki ba ne: a ware shi cikin kasafi domin albashin mai kula da shafin, a kuma umurce shi ya rage hotuna, yadda ƙaramar salula za ta buɗe shafin a ƙauyen da layi ke da rauni.