Sabon Aiki da Tsohon Alkawari

Takardar ɗaukar aiki ba ta shawara da kowa kafin ta zo. Sau da yawa takan iske mutum ya riga ya ɗaura wa kansa wani alkawarin da ba shi da ikon kwancewa. Wani an sa ranar aurensa, an kai goro, dangi na nesa duk an aika musu. Wani ya shekara uku yana tara kuɗi har ya biya kujerar Makka, ko kuwa shi ne zai raka mahaifiyarsa. Wata kuma jarrabawar ƙarshe ce ke gabanta. To, ga aiki ya samu bayan doguwar wahala, ga kuma ranar da aka tsayar ta faɗo cikin wata na biyu ko na uku da kama aikin. A nan ne hankalin mutane da yawa yakan rabu biyu, kuma abin da akasarinsu sukan zaɓa shi ne su ja bakinsu su yi shiru, wai kada a fasa ɗaukarsu.

Kafin a ga laifin mai yin shirun, ya kamata a san inda doka ta ajiye shi. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ita ake aiki da ita, ta ce a sashe na 18 ma'aikaci yana da haƙƙin hutu da cikakken albashi, amma sai bayan ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa. Hutun da ta wajabta kuwa mafi ƙanƙanta kwana 6 ne na aiki. Watau wanda ya kama aiki jiya ba ya bin kowa bashin hutu ko na yini ɗaya, sai fa in takardar sharuɗɗan aikinsa ce ta ba shi. Har wa yau dokar ba ta rufa a kan kowa da kowa ba. Ta fi kula da leburori da akawuna da makamantansu. Manyan ma'aikata masu riƙe da ofis da masu sana'ar ƙwarewa ta fitar da su, su abin da suka sa wa hannu shi ne alƙalinsu. Ga kuma sashe na 11, wanda ya kamata kowane sabon ma'aikaci ya haddace shi: wanda bai wuce wata uku a bakin aiki ba, notis na kwana ɗaya ya isa a sallame shi, in dai yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu dabam ba.

A aikin Gwamnatin Tarayya hutu ya fi yalwa. Ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, na mataki na 4 zuwa na 6 kwana 21, na ƙasa da haka kwana 14. Sai dai sabon shiga yakan yi shekara biyu cikin gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma wanda ya shigo a tsakiyar shekara akan lissafa masa hutun ne gwargwadon watannin da ya yi. Barin aiki ba da izini ba kuwa yana cikin manyan laifuffukan da ƙa'idodin aikin gwamnati suka jera, waɗanda kan kai mutum ga kora.

Abin da duk wannan ya nuna shi ne, sabon ma'aikaci mai neman tafiya alfarma yake nema. Ita kuwa alfarma tana da lokacinta. In mutum ya ɗauko zancen tun ranar ganawar farko, ana tambayarsa inda ya yi karatu shi yana ba da labarin bikinsa, ya yi gaggawa, don ba a ma ce ana sonsa ba tukuna, ga wasu hamsin a waje suna jiran a kira su. In kuma ya bari sai ya kama aiki, an ba shi tebur, an sa sunansa cikin jerin masu aikin wata, sa'an nan ya zo yana sosa ƙeya, ya makara. Lokacin da ya dace shi ne tsakanin biyun, watau sa'ad da aka ce an ɗauke shi amma bai sa hannu ba. A wannan ɗan tsakanin ne kaɗai yake da ɗan ƙarfi. Sun riga sun tace mutane sun zaɓe shi, ba kuma wanda yake marmarin sake zaman ganawa saboda mako biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda za a faɗa ma abin lura ne. Ba a son dogon labari, ba a kuma son rantse-rantse. Ya isa mutum ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode da wannan dama, kuma a shirye nake in fara ranar da aka ce. Sai dai akwai abu ɗaya da nake so a sani tun yanzu. An riga an sa ranar aurena, kuma zan bukaci kwana goma daga ran kaza ga wata zuwa ran kaza." Daga nan sai ya kawo mafita da kansa, kada ya bar wa shugaban aikin wahalar nemo ta. Ko dai a ɗaga ranar fara aikin har sai ya dawo, ko a ba shi kwanakin ba albashi, ko a cire su daga hutunsa na gaba. Manaja da yawa ba tafiyar ce take ɓata musu rai ba, a'a, a wayi gari a ga kujera ba kowa, ba a kuwa shirya wanda zai riƙe ba.

In an amince, a rubuta. Wannan shi ne wurin da mutanen kirki suka fi faɗawa rami, don suna jin kunyar su ce wa babba ya sa hannu a kan abin da ya faɗa da bakinsa. Amma wanda ya ce "ba komai, Allah ya kai mu" yana iya samun canjin wurin aiki kafin ranar ta zo, wanda ya gaje shi kuwa fayil zai buɗe, abin da bai gani a ciki ba bai faru ba. Ko a kamfani, wanda ya yi ganawar dabam, wanda zai riƙa sa hannu a takardar hutu dabam. Sashe na 7 na dokar nan ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce kafin wata uku su cika, kuma batun hutu yana cikin abubuwan da aka ce a bayyana. Saboda haka ba rashin ladabi ba ne mutum ya roƙi a ƙara layi biyu a takardarsa, ko ya rubuta gajeriyar wasiƙa a buga mata hatimi ya riƙe kwafi.

Zancen aikin Hajji ya fi na aure wuya, ya kuma cancanci a tsaya a kansa. Biki ana iya matse shi cikin mako guda, har ango ya dawo ofis da lalle a hannu. Hajji ba ya matsuwa. Alhajin da ya bi ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa, ƙarƙashin Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka kafa da dokar 2006, yakan yi wata guda ko fiye tsakanin Madina da Makka, kuma ba shi ne mai zaɓen ranar tashi ko ta dawowa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin alhazai yana jiran jirgi ya san haka. Wanda ya nemi kwana 30 cif, jirgin dawowa ya yi jinkirin mako ɗaya, ya zama mai laifi alhali yana Jidda. Gara ya nemi kwanakin da rara, ya kuma faɗa a fili cewa ranar dawowa tana hannun hukuma. Sa'an nan shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka lokacin yana matsowa kowace shekara: an yi tsayuwar Arfa ran 15 ga Yuni a 2024, a 2025 kuwa ran 5 ga Yuni. Shugaban aiki a Ikko ko Fatakwal wanda ba Musulmi ba ne, ba lalle ne ya san wannan lissafi ba, yana iya zaton hutun kwana biyu na Babbar Salla da gwamnati ke bayarwa ya wadatar. Bayyana masa aikin mai tafiya ne, cikin natsuwa, da kalanda a hannu.

Mace mai juna biyu ita matsayinta dabam ne, don nata hutun doka ce ta ba ta. Sashe na 54 ya ba ta mako 6 kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, da mako 6 bayanta, ya kuma hana a ba ta notis na sallama tana cikin wannan hutu. Abin da ya shafi sabuwar shiga shi ne kuɗi, domin rabin albashin da dokar ta wajabta sai ga wadda ta yi wata 6 a wurin kafin ta tafi. Maza ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kuma tun 2021 aka amince musu da kwana 14 in matansu sun haihu, amma wannan bai hau kan kamfanoni ba.

Saura tambayar da kowa yake tsoro: in aka ce a'a fa? Yana faruwa, musamman a bankuna da kamfanonin da ke ɗibar sababbi rukuni guda su sa su horo na makonni, inda wanda ya rasa mako ɗaya ya rasa duka. A nan sai mutum ya auna da kansa. Ranar aure, in iyayen ɓangarorin biyu sun ji dalili, sau da yawa sukan ɗaga ta, ko a ɗaura ran Asabar a bar tarewa sai gaba, don ba uban da yake son surukinsa ya shiga gida ba abin yi. Ranar jarrabawa ba ta ɗaguwa. Kujerar Makka kuwa sai a je hukumar alhazan jiha a ji sharaɗinta tun kafin a ba kamfanin amsa. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne dabarar nan da ta zama ruwan dare, a karɓi aiki a yi shiru, ranar tafiya ta zo a aiko da takardar asibiti ta ƙarya, ko a kashe wata kaka da ta shekara goma a kabari. A zamanin da kowane ɗan biki yake riƙe da waya mai ɗaukar hoto, kafin ango ya sauya babbar riga hotonsa ya riga ya isa ofis.